Ƙofar Ruwa, Inda Ake Jin Gaskiyar A-Kori-Kura

Ƙofar Ruwa tana arewacin tsohon birnin Kano, a ƙaramar hukumar Dala, tsakanin Ƙofar Mazugal da Ƙofar Dawanau. Wanda ya biyo titin Katsina daga cikin gari, da ya kawo wajen Barikin Bukavu to ya kusa, kuma ba sai an nuna masa ba, kunnensa zai gaya masa. Ana sauke rodi daga tirela, kowane ƙulli ya faɗo sai ka ji ƙarar har cikin haƙoranka. Can gefe mai walda yana ta feshin wuta, janareta na ruri, yaran shago suna tare duk wanda ya rage tafiya: "Alhaji, me ake nema? Shigo daga ciki, akwai!" Ƙasar wurin ta sha baƙin mai shekara da shekaru har ta rine, da damina ta yi santsi, da rani ƙura ta manne mata.

Sana'a biyu ce ta riƙe kasuwar Ƙofar Ruwa. Akwai masu kayan gini, su rodi da kwanon rufi da fayif da tayil da ƙofofin ƙarfe. Akwai kuma masu kayan mota, sabo da na hannu, tun daga noti har inji sukutum, Hausawa da Ibo shago na jingine da shago. Motar da ta haɗa ɓangarorin biyu ita ce a-kori-kura: ita ke kwashe kayan wancan ɓangare, ita kuma ke dawowa wannan ɓangaren neman magani. Shi ya sa nake ganin duk mai shirin sayen irin wannan mota nan ya kamata ya fara zuwa kafin ya taka wurin dillalai. A wurin dillali kowace mota a wanke take, an shafe tayoyinta suna ƙyalli, kuma kowacce ka nuna za a ce maka ba abin da za ka taɓa. A Ƙofar Ruwa kuwa cikinta a buɗe yake, kowa na gani.

Ƙanena na rako. Ma'aikaci ne, mai iyali, yana da 'yar gona a hanyar Bichi. Mota yake so wadda zai riƙa fita aiki da ita kullum, ya sauke yara a makaranta, ya kai maiɗakinsa unguwa, in damina ta faɗi ya kai taki gona, da kaka ya kwaso masara. Kuɗin hannunsa na mota ɗaya ne, ba biyu ba, kuma ransa ya riga ya kwanta a kan mai buɗaɗɗen baya. Irinsa suna da yawa a Kano da Katsina da Zariya, mutanen da albashi bai isa ba sai an haɗa da noma ko ɗan gini.

Tun a bakin kasuwa darasi ya fara. A nan masu ɗaukar kaya suke jere suna jiran ciniki, mafi yawansu 'yan kurkura, wato ƙananan Daihatsu Hijet da Suzuki Carry. Waɗannan motoci a Japan aka yi su domin lunguna da gonakin can. Injinsu mai fulogi uku ne, bai wuce cc 660 ba, kuma nauyin da aka yarda su ɗauka a ƙasarsu kilo 350 ne, buhun siminti bakwai ke nan. A nan kuwa sai ka ga an labta musu ninkin haka har cikinsu yana neman taɓa ƙasa. Da sitiyari a dama suke zuwa, sai a juya shi hagu, tunda Najeriya ta koma bin hannun dama tun 1972. Abin da ya ba ƙanena mamaki shi ne da muka tsaya kusa da ɗaya muka dubi bayanta: tsawonsa ya kusa mita biyu, alhali bayan Hilux mai ƙofa huɗu, wadda yake mafarki, bai wuce mita ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Gidan fasinja ya cinye wurin kaya. Wannan 'yar mota da ake rainawa ta fi ta wurin shimfiɗa katako.

A ƙarshen layin akwai wata tsohuwar Peugeot 504, fentinta ya koɗe, an yi mata kejin ƙarfe a baya, an ɗora rodi an lanƙwasa shi biyu saboda tsawonsa mita 12 ne. Direbanta dattijo ne, yana zaune a inuwarta yana jan carbi. Duk wanda ya girma a Arewa ya san wannan mota da yayarta 404. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma tsawon shekaru su ne motocin kasuwar ƙauye, su ne na kai amarya, su ne na ɗaukar mara lafiya zuwa asibitin birni. Sun daɗe ne saboda kowane bakanike ya san cikinsu, kayansu kuma ko a ƙaramar hukuma za ka samu. Da aka daina ƙera 504 a tsakiyar shekarun 2000, kayanta suka fara janyewa daga shaguna, sai ita ma ta fara janyewa daga kan titi. Jikinta bai gaza ba, kayan gyara ne suka yi mata wuya.

Muka kutsa layin masu inji. Rumfunan a nan duhu gare su, kuma sai ka lura da inda kake sa ƙafa. Injina ne jere a ƙasa, kowanne an ɗora shi a kan tsohuwar taya, an rubuta masa alama da farin fenti. Sama kuma giyabos da lagireto da sifirin suna rataye. Yawancin kayan hannun nan ta Legas suke shigowa, daga kasuwar Ladipo, wasu kuma daga Sharja ta ƙasar Daular Larabawa, inda ake tara motocin Japan da aka yanka biyu. Sababbin kaya da dama ta hannun 'yan kasuwar Nnewi suke biyowa.

Gwajin da muka yi mai sauƙi ne, kowa zai iya. Ka shiga shago ka tambayi kaya iri ɗaya na motoci daban-daban: famfon ruwa, shokazoba, fitilar gaba, kulocin giya. In ka ce na Hilux mai fetur, kafin ka rufe baki yaro ya miƙo, har a tambaye ka sabo kake so ko na Beljiyam, mai tsada ko mai sauƙi. In ka ambaci wata ƙirar da ba a saba da ita ba, sai maigidan ya ɗan yi shiru, ya ce bari a duba, ya tura yaro layin baya. Yaro ya daɗe, ya dawo hannu biyu. Daga nan sai ka ji an ce sai dai a yo maka oda daga Legas. Kwanakin da za ka yi kana jiran wannan oda, kana hawan a-daidaita-sahu zuwa ofis, motarka na kwance a gareji, suna cikin kuɗin motar, ko da yake dillali ba zai lissafa maka su ba.

Akwai dalilin da ya sa kayan Hilux mai fetur suka wadata haka. Injinta mai lita 2.7 da fulogi huɗu, wanda ake kira 2TR, ba ita kaɗai ke amfani da shi ba. Shi ne a cikin yawancin bas ɗin Hiace da ke jigila tsakanin Kano da Abuja, shi ne a wasu Prado, shi ne kuma a wasu Tacoma masu fulogi huɗu. Kasuwar da motocin haya suka buɗe, mai Hilux yana cin moriyarta. Sarƙa ce kuma ke riƙe da taimin ɗinsa, ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke a hanya ya tafi da inji.

Na tsaya na kalli yadda wani bakanike yake zaɓar wa maigidansa irin wannan inji. Bai dubi tsabtar bayansa ba sam, don an wanke shi da fetur. Murfin baƙin mai ya buɗe, ya haska ciki da fitilar waya, ya zura yatsa ya shafo. Na farko yatsan ya fito da wani baƙin abu mai kauri, ya girgiza kai ya wuce. Na biyu cikinsa ruwan zuma ne, ƙarfen yana sheƙi. Sai ya karɓi babban sifana ya kama fulin gaba ya juya a hankali, yana sauraro, yana jin yadda injin ke turjewa sannan ya saki. Ya kwance fulogi ɗaya ya duba bakinsa. Sai a lokacin ya ɗago ya ce wa mai shagon, "Oga, nawa za ka bar mana wannan?" Wanda zai sayi mota sukutum ma wannan dubawar ya kamata a yi masa, kuma bakaniken da zai yi ta ya zama nasa ne, ba wanda dillali ya kira ba.

Sunan Hilux ba a banza ya yi ba. Tun 1968 Toyota ke yin ta, kuma samfurin da ya fi yawa a titunanmu, wanda ake ce wa Vigo, an yi shi daga 2004 zuwa 2015, akasari a Tailan da Afirka ta Kudu. Maƙwabtanmu na Chadi sun san ƙarfin waɗannan motoci tun 1987, lokacin da sojojinsu suka fatattaki na Libiya a kan a-kori-kurar Toyota. Amma wannan suna yana da nasa nauyin. Tsadarta ta wuce hankali, har tsohuwa mai shekara goma sha biyar tana iya fin sabuwar shigowa ta wani kamfanin kuɗi. Ɓarayi suna son ta saboda ba ta kwana a hannu. Sannan da yawa daga waɗanda ake sayarwa na hannu gwanjon kamfanoni ne da ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji, sun sha daji a hannun direbobi barkatai kafin a fesa musu sabon fenti. Masu sayarwa suna yawan cewa sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma gaskiya ne, in dai nagarin ka samu.

Maganar dizal kuwa, ra'ayina a fili yake: mai zirga-zirgar cikin gari ya bar ta. Tsohon injin dizal irin 5L, mara tabo, jarumi ne, ba ya zaɓen mai, sai dai nauyin jiki. Amma na zamani, irin 1KD da 2KD na Hilux, ko na Ford Ranger da aka fara yi daga 2011, nozul ɗinsu da famfonsu ba sa haƙuri da gurɓataccen mai. Ka sha dizal mai ruwa ko wanda aka haɗa da kananzir sau ɗaya, gyaran zai iya cinye albashin watanni, kuma ba kowane gareji ke da na'urar gwada su ba. Dizal na mai doguwar tafiya ne da kaya masu nauyi, wanda ya san gidan man da yake sha.

Bayan layin injina akwai fili inda makanikai suka kafa garejinsu. A nan muka tarar da wata Tacoma a kan rami, ja, kyakkyawa, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba. Mai garejin ya ce mu sauko mu gani. Daga ƙasa labarin daban ne. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa casis daga gaba, ƙarfe ya amsa da ƙara mai kyau. Da ya matsa baya, kusa da inda sifirin ke kamawa, sai sautin ya mutu, ɓawon tsatsa ya zubo masa a hannu, a ƙarƙashin baƙin fentin da aka shafa don a rufe. Wannan ciwon motocin da suka fito daga jihohin sanyi na Amurka da Kanada ne, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Toyota da kanta ta taɓa sauya wa ɗimbin Tacoma casis a can saboda wannan matsala. Inji in ya mutu, ga layinsu can mun baro. Casis in ya ruɓe, walda ba ta mayar da shi yadda yake, kuma a kansa iyalinka da kayanka suke zaune.

Ya nuna mana wasu dabarun. A bi jikin mota da mayen ƙarfe, duk inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika, alamar an taɓa buga ta. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarƙashin kujera, domin motar da ambaliya ta shanye takan bar laka da tsatsa a inda mai wanki ba ya kaiwa, kuma wutarta ba za ta taɓa zama lafiya ba. Motar da ta fito daga Amurka tana da lambar casis mai harafi da lamba 17, wadda za a iya bincika tarihinta da ita a intanet kafin a biya ko sisi. Nissan Frontier mota ce mai ƙarfi, kuma ta fi Toyota sauƙin kuɗi, amma mai giyar otomatik ta 2005 zuwa 2010 an san ta da lagireto mai yoyo cikin man giya, don haka a zaro man a gani, in ya yi kalar madara a haƙura. Tundra kuwa, mai fulogi takwas da lita 4.7 ko 5.7, ba motar zuwa ofis ba ce ga mai albashi.

Ƙanena ya yi tambayar da ta fi damunsa, ta iyali. A nan dole a faɗi gaskiya. A-kori-kura an yi bayanta da sifirin mai faranti ne don ɗaukar nauyi, saboda haka in babu kaya tsalle take yi, kowane rami sai na kujerar baya ya ji shi a ƙugunsa. Kujerar bayan ma a miƙe take, ba ta kwanciya. Tsohuwa mai ciwon baya ko mace mai juna biyu ba za su ji daɗin tafiyar Kano zuwa Kaduna a ciki ba. Kayan da aka sa a baya kuma rana ta doke su, ruwa ya jiƙa su, a cunkoso wani ya miƙa hannu, sai an yi murfi ko tampol. Honda Ridgeline ta fi sauran laushi saboda a kan tsarin Pilot aka gina ta, sai dai fulogi shida ce, kuma fitilunta da ƙofofinta ba su cika layukan nan ba.

Abin da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne zuba yara a buɗaɗɗen baya. Muna ganin haka ranar Sallah da ranar kai amarya, yara goma ko fiye suna tsaye sun riƙe ƙarfe suna murna. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa. Mota mai ƙofa huɗu mutum biyar take ɗauka, har da direba. Wanda iyalinsa suka wuce haka, a-kori-kura ba ta warware masa matsala ba, kuma bayanta ba kujera ba ce.

Lissafin kaya ma yana da iyaka. Irin su Hilux abin da suke ɗauka bai wuce tan guda ba, kuma mutanen da ke ciki suna cikin lissafin. In manya biyar sun zauna, abin da ya rage bai fi buhun taki ko siminti goma zuwa sha biyu ba, masu kilo 50, ko buhun masara biyar zuwa shida. A garejin nan mun ga ana ƙara wa wata faranti a sifirin don ta daina zama in an yi mata lodi. Ta daina zaman, amma birkinta da tayoyinta da aksul ɗinta suna nan yadda kamfani ya yi su, nauyin kuma a kansu zai sauka.

Sai mai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000. Motar da za ta shiga cunkoson Kurna safe da yamma, kowace lita ana jin ta a aljihu, kuma ko mai fulogi huɗun ta fi Corolla sha nesa ba kusa ba. Mai ja da taya huɗu ta ƙara nauyi, ta ƙara sha, ta ƙara kayan lalacewa. Wanda gonarsa ke cikin fadama ko yashi yana buƙatarta. Wanda hanyarsa burji ce, taya mai kyau ta ishe shi. Masu mayar da mota ta koma iskar gas suna ƙaruwa, amma tukunyar a baya ake ɗaure ta, ta sake rage wurin kayan da dama bai da yawa.

Da aka kira azahar kasuwar ta ɗan lafa. Aka shimfiɗa kwali da tabarmi a gaban shaguna, makanikai suna goge hannu da fetur da omo kafin alwala, masu abinci suna zuba shinkafa da wake a inuwar wata motar da aka cire wa inji. A nan ƙanena ya ce, "Yaya, to ni yanzu wacce zan saya?" Na ce masa ya ƙirga sau nawa a shekara yake ɗaukar kayan da ba za su shiga but ɗin ƙaramar mota ba. In taki ne sau biyu da amfanin gona sau biyu, ya sayi Sienna ko Corolla iyalinsa su zauna cikin daɗi, ranar kaya ya zo bakin kasuwar nan ya ɗauki kurkura ya biya ta kuɗin zuwa ɗaya. In kuwa duk mako yana hanyar gona ko wurin gini, to ya nemi mai ƙofa huɗu, mai fetur, mai fulogi huɗu, Hilux ko Tacoma, wadda bakanikensa ya shiga ƙarƙashinta da guduma ya fito bai girgiza kai ba.

Abu ɗaya ne Ƙofar Ruwa ba za ta iya gyara wa mai mota ba, shi ne takarda. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, amma 'yan Kwatano ba su daina bin ɓarauniyar hanya ba, kuma takardun duti na bogi suna yawo a hannun mutane. Motar da ba a biya mata duti ba ana iya karɓe ta a kan hanya ko bayan shekaru, ko da hannu na uku ne ya saya. Mai karatu, kafin ka miƙa kuɗinka, ka kwafi lambar casis daga jikin motar da idonka, ka gwada ta da wadda ke takarda, sannan ka kai ofishin kwastan a tabbatar maka.